Yadda Ake Lissafin Ruwan Famfon Tuƙa-tuƙa

Famfon tuƙa-tuƙa ba ya mutuwa rana ɗaya. Yakan fara ciwo ne a hankali. Ruwansa ya riƙa raguwa kaɗan-kaɗan. Layin bokitai ya riƙa ƙara tsawo. Daga nan sai gardama ta tashi a bakin famfo. Wasu su ce rijiya ce ta ƙafe. Wasu su ce yara ne suka lalata shi. Wasu kuma su ce lafiyarsa lau, mutane ne suka yi yawa. Ana cikin haka sai wata rana a buga, ko ɗigo babu.

Idan famfo ya tsaya, jama'a sukan koma tafki da kududdufi. A can ne ake ɗaukar amai da gudawa da tsargiya. Manya suna tune da kurkunu. A ƙidayar da aka fara a 1988, an samu mutum fiye da 650,000 masu kurkunu a Nijeriya. Tace ruwa da rijiyoyin burtsatse suna cikin abubuwan da suka kawar da shi. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar babu shi a Nijeriya da Nijar. Don haka lafiyar famfo lafiyar gari ce.

Akwai lissafi mai sauƙi da ke raba wannan gardama. Kayan aikinsa uku ne: tef na awo irin na tela, agogo, da jarkar da aka san yawan litarta. Da su ake gane ruwan da ya kamata famfo ya bayar. Sa'an nan a gwada shi da ruwan da yake bayarwa.

Abin da ke cikin rijiya

Wanda ya taɓa ganin sirinjin allura ya ga famfo ƙarami. Sirinji yana da gwangwani, yana da sanda mai roba a baki. Idan aka ja sandar, magani ya shiga. Idan aka tura, magani ya fita.

Haka famfon tuƙa-tuƙa yake. Can ƙasa cikin ruwa akwai gwangwanin ƙarfe. Sunansa silinda. Cikin silinda akwai fistin, wanda ke hawa da sauka. Fistin yana da roba ko fata a jikinsa, wadda ke hana ruwa zurarewa. Akwai kuma bawul guda 2. Bawul ƙofa ce mai buɗewa ta gefe ɗaya kawai. Ɗaya yana gindin silinda, ɗaya yana jikin fistin. Dogon rodi ne ya haɗa fistin da hannun famfo da ke sama.

Idan aka danna hannu ƙasa, fistin ya hau. Sai ya ɗaga ruwan da ke kansa zuwa cikin bututu. A lokacin nan sabon ruwa yana shiga silinda ta gindi. Idan hannu ya koma sama, fistin ya sauka. Bawul na gindi ya rufe, na fistin ya buɗe, ruwa ya koma saman fistin. Saukar hannu da komawarsa sama shi ake kira bugu ɗaya. A kowane bugu, sau ɗaya ake ɗaga ruwa.

Lambobi uku da ake nema

Ta farko ita ce faɗin silinda. Ana auna shi daga ciki, baki zuwa baki, ta tsakiya. Ba a aunawa ta waje. Makaniki ya san faɗin kowace silinda. Ana kuma iya aunawa ranar da aka fito da ita don gyara.

Ta biyu ita ce tafiyar fistin, wato nisan da yake hawa a bugu ɗaya. Ba a ganin fistin daga sama. Amma rodi da fistin tare suke tafiya. Mai kula da famfo ya buɗe murfin kan famfo. A ɗaga hannu sama, a yi wa rodi alama da alli. A danna hannu ƙasa, a auna nisan da alamar ta hau. A kiyaye yatsu daga sarƙa lokacin awon.

Ta uku ita ce yawan bugu a minti ɗaya. Mutum ɗaya ya buga, wani ya duba agogo yana ƙirgawa. Bugu 40 a minti shi ne awon da masu ƙera famfo ke amfani da shi. Wato bugu 2 a kowace daƙiƙa 3.

Ruwan bugu ɗaya

Ana auna ruwa kaɗan da mililita, wanda ma'aikatan asibiti ke kira mil. Mil 1,000 su ne lita 1. Ledar ruwan sha da ake sayarwa a kasuwa mil 500 ce, wato rabin lita.

Ga dokar lissafin. Duk awon a yi shi da santimita.

1. Faɗi sau faɗi.
2. Amsar sau tafiyar fistin.
3. Amsar sau 11.
4. A raba amsar da 14.

Abin da ya fito shi ne mil na bugu ɗaya.

Mai karatu zai ce, daga ina 11 da 14 suka fito? A ɗauki faifai a ɗora kan ƙyalle mai kusurwa huɗu, wanda faɗinsa daidai yake da na faifan. Faifan ba zai rufe ƙyallen duka ba. Kusurwoyi huɗu za su leƙo. Idan aka raba ƙyallen kashi 14, faifan ya rufe kashi 11 ne. Bakin silinda zagaye yake kamar faifai. Shi ya sa ake ɗaukar kashi 11 cikin 14.

Misali na farko

Famfon da ya fi yawa a ƙauyuka shi ne India Mark II. An ƙirƙiro shi a ƙasar Indiya a shekarun 1970, da haɗin gwiwar UNICEF. Yana da dogon hannu na ƙarfe da sarƙa a cikin kansa. Faɗin silindarsa inci 2 da rabi ne, wato santimita 6 da sulusi. Tafiyar fistinsa wajen santimita 12 da rabi ce.

6 da sulusi sau 6 da sulusi ya ba da 40.
40 sau 12 da rabi ya ba da 500.
500 sau 11 ya ba da 5,500.
5,500 a raba da 14 ya ba da 393.

Ashe bugu ɗaya yana ɗaga mil 393. Bai kai ledar ruwa ɗaya ba. Don a san ruwan minti ɗaya, sai a ce 393 sau 40. Ya ba da mil 15,720. Wato lita 15 da rabi da ɗan ɗoriya a minti ɗaya.

Misali na biyu

Akwai wani famfon mai suna Afridev. An fara aikinsa a Malawi a farkon shekarun 1980, aka kammala a Kenya. An yi shi ne yadda mutanen gari za su iya zaro fistin su canja roba ba tare da fito da bututu ba. Faɗin silindarsa santimita 5 ne. Tafiyar fistinsa santimita 22 da rabi ce.

5 sau 5 ya ba da 25.
25 sau 22 da rabi ya ba da 562 da rabi.
Wannan sau 11, a raba da 14, ya ba da 442.

Bugu ɗaya mil 442 ke nan. Bugu 40 ya ba da mil 17,680, wato lita 17 da rabi da ɗoriya. Silindarsa ta fi ƙanƙanta, amma ruwan bugunsa ya fi yawa. Doguwar tafiyar fistin ce ta jawo haka.

Gudun fistin

Gudun fistin shi ne nisan da fistin ke ci a minti ɗaya. A kowane bugu yana tafiya sau 2, hawa da sauka. Saboda haka dokar ita ce: 2 sau tafiyar fistin sau yawan bugu.

A India Mark II, 2 sau 12 da rabi ya ba da 25. Sai 25 sau 40 ya ba da santimita 1,000. Santimita 100 su ne mita 1. Gudun fistin mita 10 ke nan a minti. A Afridev, 2 sau 22 da rabi ya ba da 45. Sai 45 sau 40 ya ba da 1,800, wato mita 18 a minti.

Wannan matsakaicin gudu ne. Fistin ba ya tafiya bai ɗaya. Yana tsayawa a sama, yana tsayawa a ƙasa, ya fi sauri a tsakiya. Shi ya sa ruwan famfo ke fitowa guntu-guntu, ba kamar na famfon gari ba.

Mene ne amfanin sanin gudun? Ga misali. Yara sukan kama hannun famfo su yi ta jijjiga shi da sauri. Hannun ba ya zuwa sama sosai, ba ya zuwa ƙasa sosai. A ce yaro yana bugu 60 a minti, amma fistin santimita 6 kawai yake hawa. Gudun fistin shi ne 2 sau 6 sau 60. Ya ba da santimita 720, wato mita 7 da 'yan kai. Babbar mace mai bugu 40 cikakku tana kai fistin mita 10. A ido yaron ne mai sauri. A cikin rijiya kuwa fistin ɗin macen ne ya fi gudu.

A duba ruwansu kuma. 40 sau 6 ya ba da 240. Wannan sau 11, a raba da 14, ya ba da mil 189. Sau bugu 60 ya ba da lita 11 da sulusi. Macen ta samu lita 15 da rabi. Yaron ya fi ta gajiya, ta fi shi ruwa. Banda haka, jijjiga tana cinye boris da sarƙa, tana kwance kusoshi. Dogon bugu a natse shi ne daidai. Amma kada a riƙa doka hannun da ƙarfi a ƙarshen sama ko ƙasa. Sannu ba ta hana zuwa.

Faɗin silinda da nauyin hannu

Wani zai ce, to a sa babbar silinda mana, ruwa ya yi yawa. Gaskiya ne ruwa zai ƙaru. Idan faɗi ya ninka sau 2, ruwan bugu ya ninka sau 4, domin faɗi sau faɗi ake yi. Amma nauyi ma sau 4 zai ninka.

Dokar nan ta farko ita ce ke nuna nauyin. Sai dai a wurin tafiyar fistin, a sa zurfin ruwa. Ana auna zurfin daga fuskar ruwan rijiya zuwa bakin famfo. Lita 1 ta ruwa kilo 1 ce.

A ce zurfin mita 30 ne, wato santimita 3,000. A India Mark II, 40 sau 3,000 sau 11, a raba da 14, ya ba da wajen lita 94. Fistin yana ɗauke da kilo 94 ke nan, banda nauyin rodi. Ya kusa buhun masara. Dogon hannun famfon ne ke rage nauyin wajen sau 8. Shi ya sa mai bugu yake jin kamar kilo 12 kawai. A Afridev nauyin kilo 59 ne a wannan zurfin. Da za a sa silinda mai faɗin santimita 10, da nauyin ya kai kilo 236. Mace da yaro ba za su iya ba. Dalili ke nan da ya sa ake sa wa rijiya mai zurfi ƙaramar silinda.

Famfon ƙafa da famfon inji

A fadama ruwa yana kusa. Can ne babbar silinda ke da amfani. Famfon ƙafa, wanda ake takawa, yana da silinda 2. An fara shi a Bangaladash wajen 1980. Yana zuƙo ruwa daga zurfin da bai wuce mita 7 ba. A ce faɗin kowace silinda santimita 10 ne, tafiyar fistin 25. To 10 sau 10 sau 25 ya ba da 2,500. Sau 11, a raba da 14, ya ba da mil 1,964. Kusan lita 2 ke nan a taku ɗaya. Idan kowace ƙafa ta taka sau 20 a minti, taku 40 ne. Ruwan ya kusa lita 80 a minti.

Wani famfon kuma inji ne ko iska ke juya shi. Yana da ƙafar da ke juyawa, da sanda da aka ɗaura mata a gefe. Juyi ɗaya na ƙafar shi ne bugu ɗaya. A auna daga tsakiyar ƙafar zuwa inda aka ɗaura sandar. A ninka sau 2. Wannan ita ce tafiyar fistin. Idan nisan santimita 5 ne, tafiyar 10 ce. Idan ƙafar tana juyi 50 a minti, gudun fistin shi ne 2 sau 10 sau 50, wato mita 10 a minti. Kada a ƙara wa irin wannan famfo gudu fiye da abin da maƙeransa suka rubuta. Idan fistin ya cika sauri, ruwa ba ya cika silinda. Sai famfo ya riƙa ƙara, bututu ya riƙa girgiza.

A lura, injin ban-ruwa na fetur da aka saba gani a fadama, mai tiyo inci 2 ko inci 3, ba fistin ke tura ruwansa ba. Fanka ce ke juyawa a ciki. Wannan lissafi bai shafe shi ba.

Gwajin jarka

Lissafin takarda yana nuna ruwan famfo mai cikakkiyar lafiya. Ruwan gaske yakan gaza shi kaɗan, domin bawul ba ya rufewa nan take. Ragi kaɗan ba laifi ba ne. Ragi mai yawa shi ne alamar ciwo.

A samu jarka mai lita 25. A fara tabbatar da ita da mudubin lita, wato kwalba ko gwangwanin da aka san lita 1 ne, domin jarkoki sun bambanta. A buga famfo har ruwa ya fara zuba sosai. Sa'an nan a tara jarka, a yi dogon bugu a natse, ana ƙirgawa. A kula kada ruwa ya zube a gefe.

Lita 25 mil 25,000 ne. A raba da 393, ya ba da 64. To India Mark II mai lafiya zai cika jarka da bugu 64 zuwa 70. Afridev zai cika ta da bugu 57 ko sama kaɗan. Idan sai an yi bugu 100 jarka ke cika, famfon lita 10 kawai yake bayarwa a bugu 40. Sulusin ruwan yana komawa rijiya. Galibi robar fistin ce ta cinye, ko bawul ba ya zama daidai. Lokacin gyara ya yi. Roba ba ta da tsada. Idan aka bar ta ta ƙare, ƙarfe ya riƙa gogar silinda, gyaran ya zama babba.

Gwajin yoyo

Akwai gwaji na biyu. A buga har ruwa ya zuba. A bar famfo ya huta minti 30. A dawo a ƙirga bugun da za a yi kafin ruwa ya fito. Idan bai wuce 5 ba, lafiya. Idan ya wuce, ruwa yana yoyo a wani wuri.

Lissafi yana taimakawa wajen gano wurin. Bututun India Mark II yana riƙe kusan lita 1 a kowace mita. Kowane gutsuren bututu mita 3 ne. Idan kullum da safe sai an yi bugu 15 ruwa ke fitowa, wajen lita 6 ne suka zurare. Wato ruwa ya sauka mita 6 ko 7 ya tsaya. Sai a fara duba mahaɗar bututu na 2 da na 3 daga sama. Idan kuwa sai an yi bugu 60 ko fiye, bututun ne ya zube kusan duka. A nan ana zargin bawul na gindi, ko huda a can ƙasa.

Wani lokaci laifin ba na famfo ba ne. Ruwa ya fito da kyau da farko, can sai ya yanke, iska ta riƙa fita. Bayan an huta ya dawo. Wannan alama ce ruwan rijiya ya ja ƙasa da silinda. An fi ganin haka da bazara. Canja roba ba zai yi maganinsa ba. Sai a kira masu rijiyar su duba ko za a ƙara bututu.

Famfo ɗaya, mutum nawa?

Lita 15 a minti, sau minti 60, lita 900 ce a awa. Amma ba a bugu ba tsayawa. Ana ɗauraye bokiti, ana canja jarka, ana ɗora wa juna kaya. A ce lita 600 ake samu a awa. Idan famfo ya yi aiki awa 10, lita 6,000 ke nan a yini.

Masana lafiya sun ce mutum ɗaya yana bukatar aƙalla lita 20 a rana, don sha da girki da tsabta. A raba 6,000 da 20, ya ba da mutum 300. Idan mutanen gari 600 ne, famfo ɗaya ba zai ishe su ba, ko da sabo ne fil. Idan ana shayar da shanu a wurin, a tuna saniya ɗaya takan sha fiye da rabon mutum ɗaya lokacin zafi. Famfon da ya koma lita 10 a minti kuwa, rabon mutum 100 ne ya ɓace kowace rana.

Da waɗannan lambobi kwamitin ruwa zai san abin da zai nema. Ko roba ce, ko makaniki, ko rijiya ta biyu. Wanda ya je ƙaramar hukuma da lambobi a rubuce ya fi wanda ya je da kuka kawai.

Littafin famfo

Kwamiti ya sayi ƙaramin littafi. A shafin farko a rubuta sunan famfo, faɗin silinda, tafiyar fistin, da yawan bututun da ke cikin rijiya. Ranar farko ta kowane wata a yi gwajin jarka da gwajin yoyo. A rubuta kwanan wata da yawan bugu. Idan wannan wata 66 ne, na gaba 72, na bayansa 80, an ga inda aka dosa. Sai a fara tara kuɗin roba tun famfo bai tsaya ba. Rigakafi ya fi magani.

Aikin gwaji

Wani famfo yana da silinda mai faɗin santimita 7. Tafiyar fistinsa santimita 10 ce. Ana yi masa bugu 40 a minti.

1. Mil nawa yake ɗagawa a bugu ɗaya?
2. Lita nawa ya kamata ya bayar a minti?
3. Mita nawa fistin ke gudu a minti?
4. An gwada, an samu lita 10 a bugu 40. Ruwa nawa ya ɓace?

Amsoshi: (1) mil 385. (2) lita 15 da mil 400. (3) mita 8. (4) lita 5 da mil 400. Wannan famfo yana bukatar gyara.